A Beljiyam ruwan sha ma sai ka saya, giya kuwa har da UNESCO

Jama'a abin da aka yi min a wani gidan abinci a garin Mons har yanzu yana cin raina. Abokan aiki ne suka ja ni, kowa ya yi odar giyarsa, ni da ba na sha na ce a ba ni ruwa, na famfo ma ya isa. Yarinyar ta yi min wani irin kallo ta ce su ba sa ba da na famfo sai na kwalba, aka kawo wata 'yar mitsitsiya da ko maƙogwaro ba ta jiƙa min ba, da bil ya zo kuɗinta kusan ɗaya da giyar na kusa da ni. Ruwa fa! Mu da baƙo bai gama sallama ba an dire masa kofi.

To amma ku ji gatan da giya ta samu. Wadda suke sha ranar sunanta saison, ta wannan yankin na Hainaut ce, asalinta manoma ke dafawa a gida lokacin sanyi su ajiye, in zafi ya zo su ba 'yan ƙwadago a gona, wato dai kunun da muke kai wa masu noma. Yanzu ga ta a kwalba mai toshiya da waya, da sunan ƙauyen a jiki, ana kai ta har Amurka. Ƙasar nan ƙarama ce amma suna da giya kusan kala 1,500, kuma kusan kowacce da kofinta, in ka zuba a wani daban sai su ɓata rai. A 2016 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya. Akwai wasu sufayen Kirista masu dafa giya a ƙauyen Westvleteren da in kana son tasu sai ka yi rajista a intanet, a ba ka rana, ka ba da lambar motarka, a ƙayyade maka kiret, kuma ka yarda ba za ka sayar ba. Su ke jan aji, mai kuɗi ke bin layi.

Ni ba tallar giya nake ba, Allah ya tsare, kar wani ya kai ni ƙara wajen Baba. Haushi ne kawai. Kunun zaƙi, zoɓo, kunun aya, furar gero da nonon Fulani mai sanyi, wallahi ina kewarsu har mafarki nake, amma a me muke zubawa? Tsohuwar robar lemo da yara suka tsinto a tasha, a ɗauraye sama-sama, babu suna babu ranar da aka yi, kafin la'asar ya yi tsami, in cikinka ya ɓaci ba ka san wa za ka kama ba. Kuma in ka yi magana a ce iyayi kake ji don ka shiga jirgi.