Gargaɗi ga masu kula da jiragen ruwa a Obhur

Ina jan hankalin 'yan'uwanmu da ke kula da ƙananan jiragen ruwa na iyayen gidansu a Obhur, arewacin Jidda, game da wani mutum da ke yawo a bakin ruwa da sunan bakanike, alhali ba shi da shago ko takardar kasuwanci. Abin da yake farauta shi ne jirgin da hannun giyarsa ko na totur ya yi tauri, musamman irin wanda injinsa ke ciki, ƙafar da ke ɗauke da farfela kuma tana waje, kamar MerCruiser da Volvo Penta.

A gabana ya yi wa wani ƙanena wannan aiki. Ya kama hannun giyar ya girgiza sau biyu, ya girgiza kai, ya ce haƙoran giya sun cinye, sai an cire ƙafar gaba ɗaya an sauya kayan cikinta. Ya karɓi rabin kuɗi, ya tafi da ƙafar, bayan kwana tara ya dawo da ita tana ƙyalli da sabon fenti. Giya ta yi laushi na mako guda, domin man feshi kawai ya ɗura a bakin kebul, daga nan ta koma yadda take, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Mai jirgin bai saurari bayani ba, daga albashin yaron ya cire kuɗin.

Gaskiyar magana, wannan tauri galibi daga kebul yake, kuma kowa zai iya ganowa kafin ya biya ko riyal ɗaya. A irin na MerCruiser, a kashe inji, a kwance kebul ɗin totur da na giya daga inda suka haɗu da injin, sannan a motsa hannun. Idan har yanzu yana da tauri, laifin na dogon kebul ne da ya yi tsatsa ko aka lanƙwasa shi fiye da kima, ko kuma giris ɗin akwatin hannun ya bushe. Wani lokaci ma sukurun da ke daidaita taurin totur ne aka ɗaure da yawa. Idan kuwa hannun ya saki, sai a duba gajeren kebul da ke ratsa bayan jirgi zuwa ƙafar, domin robar da ke rufe shi tana tsagewa, ruwa ya shiga, ga shi ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri. Kebul ɗin da ya kai wannan hali sauya shi ake yi, mai ba ya warkar da shi. A samfurin Alpha One na MerCruiser akwai kuma ƙaramin makunni da ke katse wutar inji na ɗan lokaci don giya ta fita, wanda idan ya lalace fitar da giya kan yi wuya.

Kada a bar kowa ya cire ƙafa sai an rubuta lambar da ke jikinta, an ɗauki hoto, kuma mai jirgin ya amince da bakinsa. A nemi rasit mai sunan shago, a karɓi tsoffin kayan da aka ce an sauya. Wanda shago ya cuce shi yana iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900, shi kuwa wannan mai yawo, ofishin 'yan sanda za a kai maganarsa.