Sayen Kaya ta Intanet: Wa Ke Riƙe da Kuɗinka Kafin Kaya Su Iso?

Yawancin masu sayayya ta waya tambaya ɗaya suke yi: ina ya fi arha? Ni kuwa da wata tambayar nake auna kowace hanya. Daga lokacin da ka biya zuwa lokacin da kaya suka shigo hannunka, kuɗin suna wajen wa, kuma in abu ya ɓaci, wuyan wa za ka riƙe?

Jumia da Konga duk an kafa su a Legas a 2012. Yawancin abin da kake gani a shafinsu na 'yan kasuwa ne daban-daban. Kamfanin ne ke karɓar kuɗin, ya kai kaya, sannan ya sallami mai kayan bayan ya cire nasa kason. Kariyarka ke nan, domin mai kayan bai ga ko sisi ba sai an kai maka. Sun kuma san halinmu na rashin yarda da wanda ba mu gani ba, shi ya sa suka rungumi tsarin biya idan kaya sun iso. Jumia ta buɗe wuraren karɓar kaya a garuruwa da yawa, tunda adireshi irin namu na "bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi" ba ya kai ɗan aike ko'ina. Galibin kaya ana iya mayar da su cikin kwana 7. Amma ka haɗa kuɗin kai kaya da farashi kafin ka ce ka samu arha, kuma ka sani cewa kayan da suka taso daga Legas sai sun ɗan jima kafin su iso Sakkwato ko Maiduguri. Idan za ka duba ra'ayin waɗanda suka saya, fara da masu tauraro ɗaya da biyu, a nan ake faɗin gaskiya.

Jiji daban take, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Ta fara a 2014, ta sayi harkar OLX, wani shafin talla irinta, a Najeriya a 2019, amma ba ta riƙe kuɗin kowa. Allon talla ce kawai: mai kaya ya manna hoto da lamba, sauran tsakaninku ne. Don kayan hannu kamar mota, janareta ko waya, babu kamarta wajen sanin farashin gari. Sai dai duk wanda ya ce ka fara turo "kuɗin mota" ko kafin alƙalami tun ba ka ga kaya ba, ka rabu da shi. Ku haɗu da rana a wurin jama'a. In waya ce a Kano, ku haɗu a kasuwar waya ta Farm Centre, inda za ka samu mai gyara ya duba maka. Danna *#06# ka ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, ka saka layinka ka yi kira, ka jona caja, kuma ka tsaya a kansa har ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka. Wayar da aka bar ta a kulle da asusun wani, kuɗinka ne suka tafi.

Gaskiyar magana, kasuwarmu ta intanet ta fi ci a WhatsApp, Instagram, Facebook da TikTok. Matan aure na sayar da atamfa, leshi, humra da turaren wuta daga cikin ɗaki, 'yan Kantin Kwari kuma da sabon kaya ya sauka sai ka gan shi a sitatus. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa tiransifa, har mai kayan miya ya buɗe OPay ko Moniepoint. Ina son wannan hanyar, domin ta ba mata da yawa sana'a ba tare da kuɗin hayar shago ba, kuma ana ciniki kamar a kasuwa: ka taya, a ce albarka, a yi maka ragi. Kaya kan bi motar haya, direba ya kira ka daga tasha ka je ka karɓa.

Amma a nan babu kowa a tsakani. Kuɗi na fita, sai abin da Allah ya yi. Don haka, 'yar'uwa, in atamfa za ki saya, ki nemi a kira ki ta bidiyo, a buɗe turmin atamfar a hasken rana, a nuna miki tambarin da ke gefen zanen, domin fitilar shago tana ƙara wa launi kyau. Ki duba ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da na mai kayan. Hotunan yabon kwastomomi ba hujja ba ne, kowa na iya haɗa su. Hujja ita ce wata da kika sani ta taɓa saye ta gamsu. Karon farko ki fara da ɗan abu kaɗan.

AliExpress da Temu, wadda ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, daga Sin suke aiko da kaya. Suna da arha a ƙananan tarkace irin su murfin waya da kayan ado, kuma ana iya neman a mayar da kuɗi ta cikin manhajar in kaya ba su zo ba. Jira kam sai makonni, farashi yana bin dala, tufafinsu kan zo a matse. Kayan sallah ba na nan ba ne, sai in tun kafin azumi ka yi oda.

Sabuwar waya ko firji, ni shagon kamfanin kansa da ke cikin Jumia ko Konga zan nufa, ko da ya ɗan fi tsada, saboda garanti. Kowace hanya ka bi, ka adana rasit da hirarku, kuma ka ɗauki bidiyo lokacin da kake yage kunshin, tun daga takardar da aka manna a jikinsa. Da su za ka kai ƙorafi wajen kamfanin, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. In kuwa damfara ce, ka sanar da bankinka a ranar, kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusun.