Sansanin Kan Ƙanƙara ko Jirgin Ƙarƙashin Teku?

Duk lokacin da na taɓo labarin leƙen asirin Amurka da Tarayyar Sobiyet a tekun Aktik da ke can ƙuryar arewacin duniya, sai an tambaye ni wanne ya fi: sansani a kan ƙanƙara mai yawo, ko jirgin ƙarƙashin teku?

Ta wajen kuɗi sansani ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan bukkoki ne da janareto, sai a huda ƙanƙarar a zura na'urar sauraro cikin ruwa. Sobiyet ta kafa nata na farko a 1937, Amurka ta sauka a tsibirin ƙanƙara na T-3 a 1952. Jirgi mai injin nukiliya kuwa sai ƙasa mai ƙarfin aljihu.

Amma sansani ba shi da linzami. Inda iska ta kaɗa shi can zai nufa, kuma ƙanƙarar na iya tsagewa ta lalata filin saukar jirgin sama. Haka aka kwashe mutanen sansanin Sobiyet mai suna NP-8 a gaggauce. A 1962 Amurkawa biyu suka dira can da lema, suka tattara takardu da kayan aiki, sannan jirgin sama ya fizge su da ƙugiya ba tare da ya sauka ba. Ina jinjina wa ƙarfin halinsu.

Jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Nautilus ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar Arewacin duniya a Agustan 1958, ba mai ganinsa. Sai dai in gobara ta tashi, neman wurin ɓullowa aiki ne ja.

Mai son sauraro na shekaru da araha, sansani ya dace da shi. Mai son bin sawun abokin gaba a ɓoye, sai jirgi.