Na ba su makullin gidana na Yamai: abin da na gani cikin shekara uku

Ni ungozoma ce, na aje aiki, a Tawa nake zaune. Gidan da zan yi magana a kansa yana Yamai, unguwar Bobiyel. Tsakanina da shi tafiyar kilomita kusan 550 ce, sai an bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Matan da muka yi aiki tare suna yawan kirana suna cewa, Hajiya, waɗannan mutanen da kika ba gidanki suna saukar da baƙi, ana iya ba su amana? Amsar ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan ajans ɗin ba, wato kamfanin da ke kula da gidan, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma sharuɗɗan da zan faɗa kowace ajans za ki iya auna ta da su.

Marigayi maigidana ya bar fili da ginin da ya kai linta. Na ƙarasa shi sashe biyu, kowanne ɗaki biyu da falo da kicin. Muna cikin fenti aka yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yamai, a watan Yulin 2019. Wanda ya ga garin a lokacin ya san abin da nake nufi. An sabunta filin jirgin Diori Hamani, an buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia, kowa yana cewa baƙi za su yi ta kwarara. Sai na sa ɗan haya na wata-wata a sashe guda, ɗayan kuma na zuba masa kaya don masu kwana biyu ko uku, irin wanda ake kira mebule. Gadaje, kujeru, kilim uku masu sanyaya ɗaki, firigo, tele, labule, tukwane har da cokula, sun lashe mini kusan sefa miliyan 4. Da farko wani ɗan uwa na ba ya kula. Ba zan tsawaita a nan ba, zumunci ya fi kuɗi. Abin da kawai zan ce, shekara uku ban taɓa sanin dare nawa aka kwana a gidan ba. A farkon 2023 na karɓi makullina na kai wa ajans.

Yarjejeniyarmu shafi biyu ce. Su ne masu ɗaukar hoto da talla, su karɓi baƙo, su riƙe hoton katinsa ko fasfo, su karɓi kuɗi da kuɗin ajiya na ɓarna, su sa a share a wanke bayan ya tafi. La'adarsu kashi 20 cikin ɗari ce ta duk abin da ya shigo. Wuta, ruwa, mai gadi, intanet da gyara duka a wuyana suke. Dare ɗaya jika 30, wato sefa 30,000, wanda ya kama mako guda a bar masa dare na bakwai kyauta. Sun sa gidan a Airbnb da Booking, shafukan intanet na neman masauki, amma in gaya muku gaskiya baƙin da suka zo ta can ƙalilan ne. Kasuwar tana WhatsApp da Facebook, da bakin wanda ya kwana ya ji daɗi ya gaya wa ɗan uwansa.

Abin da ya sa har yau ban karɓe makullin ba shi ne lissafinsu. Kowane ranar 5 ga wata takarda tana shigowa wayata: ranar da baƙo ya shiga, ranar da ya fita, abin da ya biya, abin da aka cire. Kafin la'asar kuɗin sun iso ta Nita, kamfanin aika kuɗi. To amma takarda kowa yana iya rubutawa, gani ya kori ji. Wata rana cikin watan Maris na 2023 na hau bis ɗin asuba ban gaya wa kowa ba. Na isa Bobiyel da yamma, na tarar babu baƙo. Na ce wa mai gadi, Baba, kawo mini littafinka. Dattijo ne Bazabarme, yana da ƙaramin littafin ƴan lakkol da yake rubuta duk wanda ya shiga da lambar motarsa, ni na saya masa shi tun kafin ajans ta zo, su kuma ba su san ina dubawa ba. Na zauna a kan tabarmarsa na jera littafin da takardun wata biyu, dare bayan dare. Ko ɗaya bai ɓata ba. Daga nan na shiga ciki. Aikin asibiti ya koya mini inda ƙazanta take ɓuya, saboda haka ban tsaya kallon falo ba. Na ɗaga katifa, na shafa bayan firigo, na duba robar ƙofarsa, na shinshina matashin kai. Zannuwan gado farare ne tas, an goge su, suna ƙamshin turaren wuta. Bayan firigo kam akwai ƙura da ɓawon albasa. Na kira yaron da suka ɗora a kan gidana, ya zo a kan babur cikin rabin awa, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, Tanti, da kin faɗa ai da mun je tasha. Na ce, ɗana, da na faɗa da ban ga bayan firigo ba. Ya ɗauko tsintsiya da kansa.

Wata huɗu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A cikin mako ɗaya duk waɗanda suka kama ɗaki suka soke. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take amfani da shi. Air France ta daina zuwa. Ma'aikatan ƙungiyoyin waje, waɗanda su ne masu kama wata guda su biya ba ciniki, suka yi ta raguwa. Watan Agusta dare biyu aka kwana a gidana, Satumba dare huɗu. A nan na ga halinsu. Tunda la'adarsu daga abin da ya shigo take fita, su ma ba su samu komai ba, amma ba su yi watsi da gidan ba. Ana zuwa ana buɗe tagogi, ana zuba ruwa a magudanai don kada wari ya taso, ana aiko mini da hoto. Mai ajans ɗin da kansa ya kira ni ya ce, Hajiya, in kina so ki sa ɗan haya na wata-wata ba za mu riƙe ki da takarda ba. Wannan maganar ta zauna mini a rai.

Su ne kuma suka juya akalar tallar zuwa ga mutanenmu. Yanzu masu sauka a gidan su ne dangin amarya da suka taso daga Maraɗi ko Damagaram, da ƴan Nijar mazauna Amurka da Faransa da Abijan da suke zuwa hutu da yara ba sa son takura gidan iyaye, da maniyyata da masu rakiyarsu kafin tashin jirgin hajji, da waɗanda suka kawo mara lafiya babban asibiti suna buƙatar inda za su dafa masa kunu. Iyali mai mutum shida ba zai iya ɗaki uku a otal ba, amma jika 30 da kicin yana iyawa. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, irin waɗannan baƙin ne suka ci gaba da riƙe gidan.

Yanzu ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne.

Na farko wuta. Duk wanda ya san Yamai a watan Afrilu da Mayu ya san zafin da ke haura digiri 40 kullum. Baƙon da ya biya jika 30 yana ganin ya sayi sanyi ne, sai ya kunna kilim uku ya fita yawo tun safe, wani har taga a buɗe. Takardar wutar wata guda ta taɓa zuwa mini jika 140. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, gidaje da yawa ke hannunsu, sun san haka za ta faru, amma ba wanda ya gargaɗe ni tun farko. Sai da na yi magana da zafi sannan suka kawo shawarar a sa kwantar mai kati, a zuba wa baƙo wutar jika 3 a kowane dare, abin da ya haura ya saya da kansa. Tun daga nan abin ya daidaita. Ga kuma ɗaukewar wuta. Gurup, wato injin ba da wuta, yana shan mai yana damun maƙwabta, saboda haka na sa fano na hasken rana da batura masu ɗaukar fitilu, fanka, firigo da intanet. Ba sa ɗaukar kilim, kuma na nace a rubuta haka a cikin talla, domin sun so su rubuta wuta ba yankewa. Wanda ya zo da jariri cikin bazara ya kamata ya san gaskiya kafin ya biya.

Na biyu gyara. Sau biyu na ga an cire kuɗi ba a tambaye ni ba, ɗaya jika 85 na kilim ɗin falo. Ba na zargin sun ci, na san kayan gyara sun yi tsada tun da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Amma dukiyata ce, kiran waya na minti biyu ya isa. Yanzu duk gyaran da ya wuce jika 20 sai na ga hoton abin da ya lalace da takardar mai gyara.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. Wani daren Asabar suka ba wasu samari gidan na kwana ɗaya, wai baƙi ne daga wani gari. Ashe ƴan cikin Yamai ne, suka tara ƴan mata da kiɗa har gabanin asuba. Maƙwabciyata, wadda muke gaisawa tun ana haƙa tushen ginin, ta kira ni muryarta tana rawa ta ce, Hajiya, gidan Alhaji ne ya koma haka? Ban iya ba ta amsa ba. Washegari na kama hanya. Na bi gida-gida na ba da haƙuri, na je wurin limamin masallacin layin, sannan na wuce ofishinsu. Na ce musu wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, la'adar da kuke karɓa har da ta tantance wanda zai kwana a gidan maraya. Mai ajans bai yi gardama ba, ya bi ni har unguwar ya ba maƙwabta haƙuri da bakinsa. Muka ƙara sharuɗɗa: ba a ba da dare ɗaya, mafi ƙaranci biyu, ba taro, wanda ba sunansa a takarda ba ya kwana, mai gadi yana da ikon hana shiga kuma yana da lambar wayata. Sun gaya mini wannan zai rage ciniki, kuma ya rage. Na yarda da ragin.

Ga lissafin 2025 kamar yadda yake a takarduna, don wadda take tunanin zuba kuɗin sallamarta a wannan harka. Daren da aka biya 168 ne, kuɗinsu miliyan 5 da jika 40. La'ada ta ɗauki miliyan 1 da jika 8. Wuta da ruwa jika 900, mai gadi 480, intanet da tele 360, wanki da gas da sabulu 300, gyara 370. Abin da ya rage mini miliyan 1 da jika 622. Ɗayan sashen, wanda malamin lakkol yake ciki da iyalinsa a kan jika 120 kowane wata, ya kawo miliyan 1 da jika 440, ban saya masa ko cokali ba. Bambancin jika 182 ne a shekara, ban sa haraji a ciki ba, ban kuma sa katifu da kilim da za su tsufa a sake su ba. Duk dillalin da ya ninka miki jika 30 sau talatin ya ce ga abin da za ki riƙa samu a wata, ki tambaye shi wa zai kwana a gidan cikin azumi da tsakiyar damina.

To me ya sa ban mayar da shi haya ba? Saboda gidan yana nan nawa. In zan je ganin likita, ko jikokina sun zo hutu, sai in kira a toshe mini kwanakin, in shiga in tarar da gado a gyare. Ana duba shi kowane mako, yoyo ba ya kwana uku ba a gani ba, ba ni da fargabar ɗan hayan da zai tara bashin wata shida a kai ga shari'a. Wadda ke zaune a Yamai kuma tana da ƙarfin amsa waya ƙarfe biyun dare don famfo ya fashe, tana iya riƙe kashi 20 ɗinta ta yi da kanta. Ni daga Tawa ba zan iya ba.

A watan Janairu na sabunta yarjejeniyar na shekara ɗaya, ba biyu da suka nema ba. Na sa an rubuta cewa matar da ke wanki da shara za a riƙa biyanta jika 3 a kowace fitar baƙo maimakon jika 2, ƙarin daga kasona, domin zannuwan nan farare da ake yabo a WhatsApp hannunta ne. Littafin Baba mai gadi ya cika, na aika masa sabo tare da ɗan direban da ke zuwa Yamai ranar Laraba.