Man oud na Deira: na gwaji daban, na cikin kwalba daban

Duk mai zuwa Dubai saro kaya ya san layin 'yan turare na Deira, nan gefen kasuwar gwal, ba sai na yi kwatance ba. Shagon da nake magana a kansa yana can ciki, ba a bakin titi ba, kuma tarbarsu ba laifi. Yaron shagon na hango mayafina ya ce, "Hajiya shigo, akwai mai kyau," da karyayyiyar Hausarsa. Ga shayi, ga dabino.

Man oud nake nema wa Hajiyarmu, don ita ba ta amfani da na fesawa, sai na shafawa. Mai shagon ya zaro wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin kanta, ya ce ɗan Kambodiya ne, ya goga min a bayan hannu da tsinken gilashi. Ƙamshi mai nauyi da ɗan zaƙi-zaƙi, ba irin ɗan Indiya da ke fara bugun hanci ba. Na koma masauki, na yi alwala, na yi wanka, gari ya waye yana nan a hannuna. Abin da ya mayar da ni ke nan na biya kuɗin tola guda cur, wato kwalba mai cin kimanin mililita 12.

Ya shiga ciki ya ɗuro, ya fito da shi cikin akwatin karammiski an liƙe da leda, ya ce kada in buɗe sai na sauka, gudun ya tsiyaye a jirgi.

A Kano, a gaban yayyena Hajiya ta ɓare ledar. Ta shafa, ta kai hanci, ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma an yi masa haɗi." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wancan na gwajin, ɗigonsa maƙalewa yake a jikin tsinke saboda kauri, wannan kuwa zubowa yake shar. Kalarsa ma ta fi haske. An shafa bayan azahar, kafin la'asar babu shi babu dalilinsa, sai tabon maiƙo a mayafi. Na kai wa wani dattijo mai turare a Kasuwar Kurmi, ya murza a yatsa ya ce akwai oud a ciki, amma man da aka tsarma shi da shi ya fi shi yawa.

Ba zan zalunce su ba, bakhur ɗinsu, wato turaren wuta, da farin almiskin nan mai kauri sun yi. Ƙwaya ɗaya a kan garwashi, labule da darduma su kama har dare. Saboda su har na so in ce shagon matsakaici ne, in bar maganar.

Sai da na tura saƙo ta lambar WhatsApp ɗin da ke katinsu raina ya sake ɓaci. Wai zafin Najeriya ne ya kashe ƙamshin. Zafi! Mutumin da ke zaune a Dubai ne zai yi min zancen zafi? Na tura masa bidiyon yadda man ke zubowa, ya buɗe, bai sake tankawa ba. Ga kuma na fesawar da ya cusa min dole a shagon, manyan kwalabe da suka haura mililita 100, ba damar riƙewa a jakar hannu, suka ƙara wa kayana nauyi na biya kuɗin awo, na dawo na tarar da irinsu jibge a Sabon Gari, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Bakhur ɗin zan iya ba wa mai tafiya sautu. Man oud kuwa ni da su har abada, sai dai in a gabana za a ɗura daga kwalbar da aka goga min.