Samarin Yelwa masu gyaran shafin intanet, ga abin da na gani a aikinsu

Jama'a masu sana'a a intanet a nan Bauchi, musamman mu da muke da shafi a WordPress muna sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, bari na ba ku labarin wasu samari biyu masu ɗan shagon gyaran shafuka a Yelwa, can wajen jami'ar ATBU. Gaskiya sun iya aiki. Duk wanda shafinsa ya fara jefa kwastomomi wani waje daban to irinsu zai nema, ba masu goge fayil biyu su ce an gama ba.

Nawa shafin haka ya riƙa yi, kwastoma ta buɗe a waya tana son ganin kaya sai ta tsinci kanta a wani shafin talla wai ta ci kyauta, ni kuma in na buɗe a kwamfutata lafiya lau nake gani, sai da mata suka yi ta turo min hoto a WhatsApp. Wani ya fara taɓawa kafin su, ya goge abin da ya goge, ba a jima ba abin ya dawo.

Su abin da suka fara yi shi ne ɗaukar kwafin shafin gaba ɗaya, sannan suka shiga rumbun bayanai. Babban cikinsu ya ce min "Anti, wannan ba a fayil yake ba, a databes yake kwance." Ya zaunar da ni ya yi min bayani da Hausa har na gane, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa na yaba musu. Ana kiran abin XSS, kuma irin wanda ya same ni shi ne wanda shafin ke ajiyewa. Kowane fulagin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki, da ke karɓar rubutu, ko fom ne ko wajen sharhi ko ɗan akwatin talla mai faɗowa, dole wanda ya rubuta shi ya tace abin da ake shigarwa kuma ya sake tacewa kafin a nuna wa mutane. In bai yi ba, mugu sai ya zuba kod ɗin JavaScript a wajen da ya kamata a rubuta suna ko saƙo, shafin ya karɓa ya adana, daga nan duk wanda ya buɗe wannan wajen birawuzarsa za ta gudanar da kod ɗin tana ɗauka na mai shafin ne. Kamar a zuba abu a randar gida ne, wanda ya zuba ya tafi abinsa, amma duk wanda ya zo ya ɗiba ya sha.

Inda abin ya fi tayar min da hankali shi ne idan adimin ne ya buɗe, wato mai cikakken iko da shafin. Kod ɗin yana aiki ne da ikon wanda ya buɗe shi, to ba ya ma buƙatar sanin kalmar sirrinka, yana iya ƙirƙirar sabon adimin a ɓoye kana zaune kana duba oda. Sun samu irin wannan asusun a shafina da wani suna da ban taɓa gani ba, shi ya sa ake gogewa yana dawowa.

Kuma fa ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Akwai wani hari da ake kira Balada Injector da ke yawo tun 2017, kamfanin tsaro na Sucuri ya ƙiyasta a 2023 cewa ya shafi shafukan WordPress sama da miliyan 1. A 2023 maharan sun bi ta wata ɓaraka irin wannan a fulagin tagDiv Composer, farkon 2024 kuma ta Popup Builder, kuma duka masu fulagin ɗin sun fitar da gyara, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. Nawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wanda ya haɗa min shafin tun farko fulagin na kuɗi ya sa min wanda aka fasa aka raba kyauta, irin wannan kuwa ba ya karɓar sabuntawa sam, ko an toshe ɓarakar a wajen masu shi kai kana nan a buɗe. Don Allah masu haɗa wa mutane shafi ku ji tsoron Allah ku daina wannan, lambobin waya da adireshin matan mutane ne a ciki, amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana nan.

Bayan sun wanke databes sun cire duk fulagin da ba na amfani da su, sun kunna sabuntawa ta atomatik wadda WordPress ya kawo tun 2020, sun canza kalmomin sirri har da makullan da ke fitar da kowa daga shafin dole ya sake shiga. Yarinyar da ke ɗora min kaya ma sun rage mata matsayi daga adimin, babban nasu ya ce aikinta bai kai nan ba. Sun sa min fulagin tsaro mai suna Wordfence na kyauta, kuma bai ɓoye min ba ya ce sabbin dokokin katangarsa suna zuwa wa masu na kyauta ne bayan kwana 30, masu biya ke samu nan take, don haka kar na jingina da shi na bar sabuntawa.

Inda zan yi musu magana, amsa saƙo. Sai ka tura da safe su amsa bayan la'asar, alhali mai shafi a irin wannan hali hankalinsa ba a kwance yake ba. Kuma ba su ba ni komai a rubuce ba sai da na nema, ya kamata a ce kowane aiki da takardar abin da aka samu da abin da aka cire. Kuɗin ma ku yi magana a kai tun kafin su fara, don su sai sun duba suke faɗa, duk da dai abin da suka karɓa bai fi ƙarfin aikin ba.

In za ku je ku tafi da bayanan shiga hostin ɗinku, wato wajen kamfanin da ke ajiye muku shafin, ba na WordPress kaɗai ba, in yana hannun wanda ya haɗa muku shafin ku karɓo tukuna, don ba tare da shi ba zai yi musu wuya su kai ga databes ɗin.