Toshe Lamba Ko Tura STOP Zuwa 2442?

Idan saƙonnin talla ne suka addabe ka, toshe su ɗaya bayan ɗaya wahalar banza ce, da yawansu ma da suna suke shigowa, babu lamba. Tura STOP zuwa 2442, tsarin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta kawo a 2016, kuma kyauta ne. In ba su daina ba, kai ƙara wurin kamfanin layinka. Ya yi kunnen ƙashi, sai ka kira 622, layin kai ƙara na NCC.

Amma ɗan damfarar da ke kiranka da sassafe wai daga banki yake, yana neman BVN ɗinka (lambar tantancewarka ta banki), 2442 ba ta san da zamansa ba, don da layi irin naka yake kira. Shi kam sai toshewa a cikin wayar, ko da gobe zai dawo da sabon sim.